A Yi Wa Juji Rumfa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Wamakko ko ta Kware cikin bazara ya san kayan da a ke fita da su daga birnin Sakkwato. Jakuna ne ɗauke da mangala, da amalanke, har da manyan motoci, kowa ya cika da shara da toka da kashin awaki, an nufi gona. Wannan tsohon ciniki ne tsakanin birni da ƙauye. Ƙauye ya kawo hatsi da kara da itace, birni ya ci, ya ƙona, ya kiwata bisashensa, sa'an nan ya mayar da taki. Da wannan takin ne gonakin da ke kewaye da birni su ke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, ko da ya ke ƙasar tudun nan yashi ta fi yawa.

To, wannan ciniki ya soma lalacewa, kuma manomi shi ne ke ɗaukar hasarar. Takin da ya ke saye yau rabinsa leda ce da yashi, ƙarfinsa kuwa rana da ruwan sama sun riga sun shanye. Ga takin zamani ya yi tsada ƙwarai tun daga 2022, ya kuma ƙara tsada bayan an janye tallafin man fetur cikin 2023. Saboda haka ya kamata a duba juji da idon ɗan kasuwa. Maganar da shafin nan ya kawo wannan mako ita ce, sharar Sakkwato tana bukatar daɓe a ƙarƙashinta da rufi a kanta, kuma irin rumfar da ta dace ita ce wadda a ke harhaɗawa ɗaki-ɗaki, a ƙara ta in aiki ya ƙaru, a kwance ta in wuri ya ƙi.

ABIN DA JUJI KE HASARA A FILI

A fara da rana. Cikin watan Afrilu zafin Sakkwato ya kan wuce awu 40. Kashin dabba da fitsarinta suna da wani abinci na shuka wanda masana su ke kira naitirojin, shi ne ke sa ganyen gero ya yi kore shar. In an bar taki a shanye cikin rana, wannan abinci sai ya riƙa tashi sama. Warin nan mai yaji da ke shiga hanci kusa da turke, ƙarfin takin ne ya ke gudu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na wannan abinci, manomi ya san nawa ya ke biya kafin ya samu. Abin da ya ke saye da tsada a kanti, shi ne ya ke bari iska ta kwashe kyauta a bayan gida. Ban da wannan kuma, tarin da ya bushe ƙayau ba ya ruɓa. Sai ya shekara yana nan yadda aka zuba shi, iskar hunturu tana yayyafa ƙurarsa cikin gidaje da rumfunan masu abinci.

Sa'an nan ruwan sama. Damina a Sakkwato gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da a ke samu a shekara kuwa wajen inci 25 ne, watau milimita 600 da 'yan kai. Amma a yi ɗan lissafi. Filin da ya ke mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi, in aka yi masa ruwan milimita 600, ya sha lita 60,000, watau duro 300. Juji mai wannan girma, duro 300 na ruwa ke ratsa shi kowace damina. Ruwan ya kan fita baƙi ƙirin, ya tafi da gishirin toka da sauran abincin shuka, ya kuma tafi da ƙazanta. Inda za shi sananne ne: kwata, rijiyar unguwa, kududdufin da yara ke wanka, daga ƙarshe gulbin Sakkwato da na Rima, inda masu lambu ke ɗiba su ba albasa da latas. Cikin 2021 ciwon amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da ya shiga. Wannan ciwo ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa ya ke bi.

Na uku ita ce leda. Sharar zamanin kakanni duk mai ruɓa ce: ganye, kara, toka, tsumman saƙi, fasasshiyar ƙwarya. Ta yanzu cike ta ke da ledar ruwa, da roba, da kwalba, da batir. Ledar da ta shiga gona tana hana ruwa sauka, tana naɗe saiwa, tana kama bakin garma. Wadda ba ta shiga gona ba akuya ce ke cinye ta, ta zauna cikin tumbinta, dabba tana kiwo tana ramewa. Mahauta sun sha fiɗar tumbi su tarar da leda a dunƙule. Jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, bai kamata a ce a kan juji ta ke samun abincinta ba. Wanda ya gaji da tarin kuma ya kan cinna masa wuta, hayaƙin roba ya cika unguwa, takin da ya rage ya ƙone tare da ledar.

WACE CE RUMFA MAI HARHAƊAWA?

A ƙasashen Turai da Amurka, in za a haƙa ƙasar da guba ta shiga, ko za a tara sharar da ke wari, su kan kafa wata irin rumfa a kan wurin. Ƙarafa ne masu awo ɗaya a ke jerawa baka-baka, a ɗaure da ƙusoshi masu kwancewa, a lulluɓe da tamfol mai kauri. In guba ce a ciki, sai a sa fanka ta riƙa jan iskar ɗakin ta bi ta matata, don kada ƙura ta fita. In aiki ya ƙare a wannan gefe, a kwance, a matsa gaba. Wani babban aikin rufe guba shi ne na Chanobil, a ƙasar Yukiren, inda tashar lantarkin nukiliya ta fashe cikin 1986. A gefe aka harhaɗa rufin ƙarfe mai tsayi fiye da mita 100, sa'an nan cikin 2016 aka tura shi har ya rufe wurin.

Sakkwato ba ta bukatar irin wannan, amma dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Zana ai harhaɗawa ce. Mutum ya kafa dirkoki, ya jera zana biyu, baɗi in iyali sun ƙaru ya ƙara uku, in zai tashi ya naɗe kayansa ya aza wa jaki. Masu albasa suna yin rudu don iska ta ratsa kayansu, rana da ruwa kuwa kada su taɓa. Rumfunan kasuwa ma haka a ke jera su, ɗaya jikin ɗaya. Abin mamaki, an yi wa hatsi rumbu, an yi wa albasa rudu, an yi wa doki barga, amma takin da ke haifar da hatsin da albasar an bar shi a tsakiyar rana.

YADDA ZA A KAFA TA

Da farko a zaɓi wuri mai tudu. Mutanen Sakkwato ba su manta da Satumba ta 2010 ba, lokacin da gulbin Rima ya cika ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da ƙauyuka, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Rumfar da aka kafa cikin fadama, ranar da gulbi ya kawo sai ta zama ita ce ta raba ƙazanta gida-gida. A kuma nisanta ta da rijiya, aƙalla ƙafa 100.

Daɓe shi ne rabin aikin. In da hali a yi na siminti, siminti kuwa a gida a ke yinsa, gama masana'antar Kalambaina tana aiki tun 1967. In babu hali, a zuba jar ƙasa mai yumɓu a daɓe ta sosai kamar tsakar ɗaki. A ba daɓen ɗan gangare zuwa wani ƙaramin rami da aka shafe da siminti, don ruwan da ya tsatso daga tari ya taru nan, a ɗebe shi a mayar kan tarin. Ginshiƙai na ƙarfe ne ko na azara, dukkansu awo ɗaya. Rufi na kwano ya fi, amma zana mai kauri ma ta yi ga wanda zai iya sabunta ta. Gefuna a yi su da bulo zuwa ƙugu, daga nan zuwa sama a bar iska, a sa ragar waya don awaki da kaji. Kowane ɗaki ya zama kamar ƙafa 10 a kowane gefe. Tun da awo ɗaya ne, kowane maƙeri ko mai walda a gari zai iya yin ɗaki na gaba ba sai an nemo wanda ya yi na farko ba.

Ɗaki huɗu sun isa a soma. Na farko wurin tsincewa ne. Nan a ke juye shara, a ware leda da roba da ƙarfe da kwalba. Waɗannan ma kuɗi ne, 'yan gwangwan suna saye. Mai tsincewa ya sa safar hannu da takalmin roba, ya rufe hanci, ya yi aiki da manjagara.

Na biyu da na uku wurin dafa taki ne. A shimfiɗa busassun abubuwa a ƙasa, irin su guntayen kara, da ƙaiƙayi, da buntun shinkafa, da ganye. A kansu a zuba masu laima, watau kashin dabba, da ruɓaɓɓen kayan miya na kasuwa, da abin cikin tumbi daga mayanka. A barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake shimfiɗa, busasshe ya fi mai laima yawa, har tari ya kai ƙirjin mutum. Laimar da a ke so ita ce in an dunƙula a hannu ya haɗu, amma ruwa bai zubo ba. Cikin 'yan kwanaki tarin zai ɗauki zafi. A soka sanda a ciki, a bar ta ɗan lokaci, in an zaro ta da zafi har hannu ya ji, to aiki yana tafiya. Zafin da ya kai awu 55 ya kuma daɗe kwanaki ya kan kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan mako biyu ko uku a juye tarin zuwa ɗaki na gaba, na gefe ya koma tsakiya, a ƙara ruwa in ya bushe. Juyi uku cikin wata uku, taki ya nuna: ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, yawansa kuwa ya ragu da wajen rabi. Ɗaki na huɗu shi ne ma'aji, inda a ke tankaɗe shi a zuba a buhu.

Wannan hanya an daɗe da gwada ta. Wani masanin noma na Ingila, Albert Howard, ya tsara ta a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, ta kuma bazu ƙasashe masu zafi da yawa. Abin da rufi ke ƙarawa a ƙasa irin Sakkwato shi ne, da rani ya hana tari bushewa, da damina ya hana shi jiƙewa ya yi ɗoyi. Ga kuma wata riba: ruwan nan da a da ke wanke juji, yanzu a kan kwano zai sauka. In an sa indararo da tanki, an sami ruwan yayyafa wa taki.

ƊAKIN DA ZA A KULLE

Akwai sharar da ba ta zama taki har abada, ita ce kuwa ta fi bukatar rufi. Tsohon batirin mota da na babur da na wutar sola yana da dalma. Galan da kwalaben maganin feshi, waɗanda yanzu babu gonar da ba a ganinsu, ko sun ƙare da sauran guba a jikinsu. Ga baƙin mai na gareji. Waɗannan su na da ɗaki na kansu, a ware, da daɓen siminti, da bango har sama, da kwaɗo. Galan na maganin feshi a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda gindinsa don kada wani ya mai da shi na ruwan sha ko na man gyaɗa.

Wanda ya ga kamar an cika tsanani, ya tuna da Zamfara, wadda har 1996 cikin Jihar Sakkwato ta ke. Cikin 2010 aka gane yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalili shi ne duwatsun zinariya masu dalma da a ke kawowa cikin gida, a daka, a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani. Kafin likitoci su iya yi wa yaro magani ya ɗore, sai da aka bi gida-gida aka kankare ƙasar tsakar gida, aka kai ta ramuka a bayan gari aka binne, aka zuba sabuwa. Garin Bagega sai cikin 2013 aka share shi. Ƙura ce kawai ta yi wannan ɓarna, ƙurar da ba a tsare ta wuri ɗaya nesa da yara ba. Haka kuma cikin 1988 aka tarar da dubban durorin guba da aka kawo daga Italiya an jibge a wani fili a Koko, ba Koko ta Jihar Kebbi ba, wadda ke Jihar Delta ta yanzu. Durorin suna zaune cikin rana da ruwa har suka soma yoyo. Wannan al'amari ne ya sa gwamnati ta kafa hukumar tsaron muhalli ta tarayya cikin wannan shekara. Rigakafi dai ya fi magani, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba.

A lura, sharar asibiti, irin su allura da auduga mai jini, ba ta da wuri a wannan rumfa ko kaɗan. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, su ke da hanyar ƙona ta.

MASU CEWA BA ZA TA YIWU BA

Waɗansu za su ce wannan aikin gwamnati ne, a jira ta kawo babban injin sarrafa shara. To, babban inji yana son kuɗi mai yawa a lokaci ɗaya, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da kayan gyara daga waje, da motocin da za su kwaso shara daga kowace unguwa zuwa wuri guda. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, duka sun tsaya. Rumfa mai ɗaki huɗu kuwa shebur da baro da manjagara ta ke so. In ɗaki ɗaya ya lalace, uku suna aiki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In babban injin ya zo wata rana, zai tarar da mutanen da sun riga sun saba ware leda daga taki, abin da shi ma ba zai yi aiki ba sai da shi.

Waɗansu za su ce wari zai dami maƙwabta. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa za a musa ta ba. Tarin da aka cika wa ruwa, ko aka ƙi juyawa, ko aka zuba masa jini da nama aka bari a buɗe, zai yi ɗoyi, ya tara ƙuda. Maganinsa a rufe kowane sabon zubi da busasshen abu nan take, a kuma juya a kan lokaci. Rumfar da ba ta da mai kula da ita juji ce mai hula. Gara kada a kafa ta in ba a sami wanda zai tsaya a kanta ba.

Na uku, iska. Hadarin farkon damina a Sakkwato ya kan ɗauke rufin gidaje, balle na rumfa. Saboda haka ginshiƙi ya shiga ƙasa sosai a kafe shi da siminti, kwano ya ɗauru da ƙusa mai kyau, kada kuma a yi rufin da tsayi ainun. Itacen da za a kafa a shafa masa maganin gara.

Na huɗu, wa zai biya? Takin da kansa ya kamata ya biya. Manomin da ke sayen shara mai leda zai fi son sayen taki tankaɗaɗɗe, wanda buhu ɗaya ya fi mangala biyu amfani, ya kuma fi sauƙin ɗauka. Masu noman rani na Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo suna neman taki a lokacin da gonar tudu ba ta nema, watau kasuwarsa ba ta mutuwa rani da damina. Ba a ce zai maye gurbin takin zamani ɗungum ba. Amma ƙasar da ta sha takin gida ta fi riƙe ruwa, takin zamanin da aka zuba mata ya fi kama ta, ƙuduji ma ya fi addabar gonar da ta gaji.

WA ZAI SOMA?

Wuraren da ya kamata a fara su ne inda shara mai ruɓa ta ke taruwa da yawa ba tare da leda ta cika ta ba. Kasuwar Kara tana da kashin dabbobi kowace rana. Mayanka tana da abin cikin tumbi. Kasuwar kayan miya tana zubar da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen albasa. Masu casar shinkafa suna da buntu tuli. In shugabannin waɗannan sana'o'i suka haɗa kai da ƙungiyar manoma, sun sami duk abin da tari ke so a cikin tafiyar baro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin hukuma shi ne ta ba da fili da takarda, ta aiko da duba-gari ya riƙa zagayawa, ta kuma ɗauki nauyin kwashe abin da ke cikin ɗakin da aka kulle. Mai unguwa ya sa ido kan wanda aka ɗora wa aikin. Malamin gona ya koya wa ma'aikata gwajin sanda da na dunƙule. Akawu ya riƙe littafi, baro nawa ya shigo, buhu nawa ya fita, nawa aka sayar, don kada rigimar kuɗi ta rushe abin da iska ba ta rushe ba. Magidanci kuwa ya ajiye mazubi biyu a gida, ɗaya na abin da ke ruɓa, ɗaya na leda, gama tsincewa a bakin murhu ta fi tsincewa a juji sauƙi.

Lokacin somawa shi ne kaka, sa'ad da kara da ƙaiƙayi su ke a yalwace, hannun manomi kuma da ɗan kuɗi. Tarin da aka haɗa cikin Nuwamba ya nuna cikin Fabrairu, na Fabrairu ya nuna cikin Mayu, daidai lokacin kai taki gona. Unguwar da ta soma da ɗaki huɗu bana, in ta ga riba, baɗi sai ta kira mai walda ya ƙara biyu.